Daga Bompai Zuwa Tukunyar Uwargida

Da yawa daga cikinmu idan aka fara zancen masana'antu ko buɗe iyaka a rediyo sai mu murɗa tasha, wai magana ce ta maza da 'yan boko. Alhali kuwa a madafinmu take ƙarewa, domin mu ake miƙa wa kuɗin cefane a ce mu san yadda za mu yi.

Ni 'yar ma'aikacin masaƙa ce. Da albashin wata masaƙa a Bompai mahaifinmu ya gina gida ya sa mu a makaranta. Ina sakandare aka rufe wurin, aka sallame su. A shekarar nan mahaifiyarmu ta sayar da kwallayenta ta kafa kaskon ƙosai. Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba, har mai tuwo a bakin ƙofar masaƙar, da mai facin keke, da manomin auduga can Funtuwa.

Me ya kawo haka? Tun daga tsarin SAP na 1986 darajar Naira ta yi ta faɗuwa, kayan gyaran injuna da sinadarin rini suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an gani, masana'antun Sharaɗa da Bompai suka koma dogaro da janareta da baƙin mai. Ana cikin haka Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, sannan atamfar Sin mai araha ta riƙa kwararowa ta Kwatano da Maraɗi har ta cika Kantin Kwari. Wanda ke sayen mai ya kunna injinsa ina zai iya gasa da mai wuta dare da rana? A Challawa kuwa majemu na fitar da fatarmu zuwa Italiya da Sifen, mu kuma mu sayo takalmi da jaka daga waje.

Wasu na cewa a rufe iyaka kawai a huta. To an gwada, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Manoman shinkafa na Kura sun samu kasuwa, injinan casa sun ƙaru a Kano, amma kowace uwargida ta san yadda kwanon shinkafa ya tashi. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Da farashi ya sauko a 2025 muka yi hamdala, manoma kuwa suka koka cewa ko kuɗin taki ba su mayar ba. Kun ga ke nan, a rufe mu sha wuya, a buɗe su sha wuya, matuƙar noman kansa yana da tsada.

Dubi tumatir. Ruwan Tiga na ba Kadawa damar noman rani, kaka ta yi kwanduna su ruɓe a bakin titi, bayan 'yan watanni mu koma sayen na leda. Kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a can a 2016 ma ya sha tsayawa saboda ƙarancin tumatirin sarrafawa. Abin da manomi ke nema shi ne iri mai kyau, taki a kan kari, hanya, wurin ajiya da bashi marar takura. Mai masana'anta kuma wuta yake nema kafin komai.

Mu ma da namu. Idan shinkafar gida ta yi kyau mu saya, idan za a haɗa lefe mu tuna da marinar Ƙofar Mata da dukawanmu. Sannan duk ranar da 'yan siyasa suka shigo unguwa suna rabon atamfa da sabulu, mu juya bakin turmin mu duba inda aka buga shi, mu tambaye su yaushe masana'antun Sharaɗa za su samu wutar da za su ɗauki 'ya'yanmu aiki. Allah ya buɗa wa mazajenmu hanyoyin samu na halal, amin.