Ƙiwar Jariri Ba Laifin Uwa Ba Ne

Cikin laifuffukan da ake ɗora wa uwa ba gaira ba dalili har da ƙiwar ɗanta. Yaron da kowa ke ɗauka yana wata 3, sai a wayi gari yana wata 8 ya ƙi kowa, in baƙo ya miƙo hannu ya ɓare baki ya manne wa uwa. Nan da nan sai a yanke hukunci, wai an shagwaɓa shi da goyo, a bar shi ya yi ta kuka har ya saba.

Alhali kuwa ƙiwa alama ce ta wayo ya fara shiga. Jaririn wata 2 yakan yi wa kowa murmushi. Daga wajen wata 6 zuwa 8 ne yake soma ɗari-ɗari da fuskar da bai sani ba, kuma a lokacin ne yake shirin rarrafe. Watau tsoron baƙo kan zo daidai da sa'ad da yaro ya fara iya yin nisa da mai renonsa, ya zama masa linzami.

Masana sun daɗe da bin diddigin wannan al'amari. A 1954 da 1955 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Mary Ainsworth, ta yi ta ziyartar gidaje 26 a ƙauyukan kusa da Kampala, ƙasar Uganda. Ta ga yaran da uwayensu ke saurin gane bukatarsu su amsa, su ne masu ƙarancin kuka, su ne kuma ke sakin jiki su yi wasa muddin suna hango uwa. Ashe amsa kukan jariri ba ya sangarta shi.

A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan nazari. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa suka buga abin da suka gani ga jarirai 18. Kowannensu ya shaƙu da mutum fiye da ɗaya, amma in ya tsorata yakan nemi wadda ta fi riƙe shi, ko da ba ita ta haife shi ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a gidan da uwa ke kunyar ɗan fari, kaka ko abokiyar zama ke ɗawainiya da shi.

Sai dai ƙiwar wani ta fi ta wani, gama hali zanen dutse ne. Binciken da likitoci biyu, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara a Amurka a 1956 ya nuna jarirai 40 cikin 100 masu sauƙin hali ne, 10 masu wuyar sha'ani, 15 sai a hankali suke sabo, saura kuwa sun haɗa halayen. Uwar da Allah ya ba rigimammen ɗa taimako take bukata, ba gori ba.

Saboda haka in baƙo ya zo, ya zauna ya gaisa da uwa, ya bar yaro ya ƙare masa kallo kafin ya nemi ɗaukarsa. Ƙiwa takan ragu da kanta wajen shekara 2. Abin da ya kamata ya tayar wa iyaye hankali shi ne yaron da ya kai wata 9 ba ya murmushi, ba ya waiwayar murya, bai damu da wa ya zo ko wa ya tafi ba. Irin wannan shi ake gaggauta kaiwa asibiti a duba. Allah ya raya mana zuri'a, amin.