Injin Buga Jarida Huɗu da Ran Mutum Ɗaya

Kwanakin baya na rubuta wani labari a kan wasu yara da ake ɗebowa daga ƙauye ana kai su aikatau birni, kuɗin kuwa wata dillaliya ke karɓewa. Kafin a kai shi maɗaba'a sai wani babban mutum ya bugo mini waya, ya ce in yi wa kaina faɗa, ina da iyali. Ban ɓoye wa mai karatu ba, na janye labarin nan na jefa shi cikin aljihun tebur. Tun daga ranar nan sunan wani mutum guda ya hana ni sakat, watau Elijah Lovejoy, wanda muka karanta tarihinsa muna makarantar koyon aikin jarida.

Shi dai Lovejoy editan wata jarida ce a birnin St. Louis na jihar Missouri ta Amurka, inda a zamanin nan doka ta halatta mallakar bayi. A cikin 1836 wasu 'yan gari suka ƙone wani baƙar fata mai suna Francis McIntosh da ransa. Lovejoy ya la'anci wannan aika-aika a jaridarsa, sai aka far wa ofishinsa. Ya tattara ya ƙetare kogin Misisipi zuwa garin Alton na jihar Illinois, inda babu bauta, yana tsammanin zai sami sauƙi. Ina! Har sau uku ana farfasa masa injin buga jarida, shi kuwa yana sake sawo wani. Da na huɗu ya iso, ran 7 ga Nuwamba 1837, taron jama'a suka kewaye sito inda aka ajiye shi, suka nemi cinna wa rufin wuta. Lovejoy ya fito don ya hana, aka harbe shi nan take. Saura kwana biyu ya cika shekara 35, watau sa'ana ne. Ba wanda kotu ta hukunta saboda jininsa.

Ba shi kaɗai ba ne kuwa. Tun a 1827 baƙaƙen fata biyu, Samuel Cornish da John Russwurm, suka kafa Freedom's Journal a New York don su faɗi kukansu da bakinsu. William Lloyd Garrison ya fara The Liberator a Boston ran 1 ga Janairu 1831. Majalisar jihar Jojiya ta sa ladan dala 5,000 ga wanda ya kamo shi, a 1835 kuma aka ɗaura masa igiya aka ja shi a titi. Duk da haka bai rufe jaridarsa ba sai a ƙarshen 1865, shekarar da tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta. Frederick Douglass kuwa, wanda ya tsere daga hannun ubangijinsa, shi ya kafa The North Star a 1847.

Kada mai karatu ya ɗauka jarida ce kaɗai ta karya ƙangin bauta. Sai da aka gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, bayi da kansu kuma sun yi tawaye, sun yi gudu. Amma aikin editocin nan shi ne hana mutane su ce ba su sani ba. Kowane mako sai su baje wa mai shagon Boston abin da ake yi a gonar audugar Kudu, har zancen da ake jin kunyarsa ya zama zancen majalisa. Masu bayi sun gane haka sarai, shi ya sa injin suka fara nema kafin mutumin.

To, ni fa? Ba a fasa mini inji ba, ba a ja ni da igiya ba. Waya guda ce kawai ta kashe mini labari. Lalle tsoron iyali ba abin dariya ba ne, amma Lovejoy ma yana da mata da ɗa. Yaran nan kuwa har yanzu suna can suna wanke-wanke a gidajen mutane, ba su san na taɓa rubuta kome a kansu ba.

Jiya na buɗe aljihun teburin nan, na ciro labarin, na ajiye a gaban edita. Abin da zai biyo baya, Allah Shi ne masani. Allah Ya ba mu ƙarfin zuciya, amin.