Daga Dogon Dutsi zuwa Garan-Popo: cinikin hutu a bakin teku

Mutumin Arewa ya san amfanin teku tun kafin ya gan shi da idonsa. Shinkafar da ake aunawa a kasuwar Dogon Dutsi, da atamfar da ake kai wa amare a Matankari, da tsohuwar motar Turai da ɗan kasuwar Tibiri ya sayo, kusan dukansu ta kan ruwan gishiri suka biyo. Akwai alhazan da suka yi shekara ashirin suna zirga-zirga tsakanin Gaya da Kotonu, sun san ƙofar por, sun san ofishin duwan, sun san masaukan unguwar Zongo ɗaki-ɗaki, amma ba su taɓa zama sa'a guda bisa rairayin bakin teku ba. A wurinsu teku wurin aiki ne. To ga shi kamfanonin tafiye-tafiye, waɗanda ake kira ajans, suna tallarsa a matsayin wurin hutu: mutum ya biya kuɗi sau ɗaya, a ɗauke shi, a sauke shi a otel, a ciyar da shi kwana biyar ko bakwai, a maido shi gida. Ma'aikacin da ya tara kuɗin kwanje, da ɗan kasuwar da iyali suka matsa masa, ya kamata su san abin da ke cikin wannan ƙunshi kafin su kwance bakin jaka.

Asalin cinikin

Irin wannan ciniki ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa biyan kuɗin kujerar Makka, domin can ma jirgi da masauki da motar ziyara duk cikin kuɗi guda suke. Turawa ne suka mayar da shi hanyar shan iska. A shekarar 1841 wani mutumin Ingila mai suna Thomas Cook ya yi hayar jirgin ƙasa, ya kwashi mutum wajen 500 daga Leicester zuwa Loughborough, kowa ya biya sule guda. A 1936 gwamnatin Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu tare da albashinsu, sai leburorin da ba su taɓa barin unguwarsu ba suka fara tururuwa bakin teku. A 1950 aka kafa Club Méditerranée, wanda ya yaɗa tsarin nan na komi-a-ciki, wato ɗaki da abinci da wasanni a farashi ɗaya. Daga baya tsarin ya gangaro Afirka ta Yamma, ya zauna a Sali da Kap Sikirin na ƙasar Senegal, da Asini ta ƙasar Kodibuwar.

Akwai darasi kuma cikin ƙarshen labarin. A watan Satumba na 2019 kamfanin da ke ɗauke da sunan Thomas Cook ya karye bayan shekara 178, ya bar matafiya wajen 600.000 a ƙasashen waje, wasunsu masu otel na binsu kuɗin ɗakin da suka riga suka biya. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan: wanda ya biya kuɗin hutu tun bai tashi ba, bashi ya bayar, kuma ba a ba da bashi sai ga wanda aka san gidansa.

Hanyar kudu

Ga mutumin Dutsi ko na Tibiri, teku mafi kusa ta hanyar da aka saba shi ne na ƙasar Benin, tafiyar kilomita 1.000 da ɗan ɗoriya. Daga Dutsi a bi godoro zuwa Doso, a karya kudu zuwa Gaya inda giginyu ke tsaitsaye, a ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil. Daga nan ƙasa na sake kama sannu-sannu: gonakin auduga a Kandi, tulin doya a Paraku, duwatsun Dasa masu tuna wa mutum tsaunukan gida, kwakwar manja a Bohikon, abarba a Alada, har iska ta fara yi wa fata nauyi, a ji ƙamshin gishiri. Kakannin Hausawa sun tattaka arewacin wannan hanya da jakuna, lokacin da ayarin fatake ke bi ta Gaya da Kandi zuwa Gwanja neman goro.

Sai dai hanyar ta shiga rikicin siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Benin ta buɗe nata ɓangare a watan Fabrairu na 2024, Nijar ta bar nata a rufe, sai matafiya suka koma ƙetare kogi cikin kwale-kwale, manyan motocin kaya kuma suka karkata zuwa Lome ta Burkina Faso. A watan Janairu na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO. Saboda haka tambaya ta farko da za a yi wa ajans ita ce ta ina za a bi, da waɗanne takardu, kuma wa zai ɗauki hasara in hanya ta toshe ranar tashi. Takardar lambar shawara kuwa dole ce. Sauƙin da ke akwai shi ne kuɗi iri ɗaya ne, jikar Dutsi ita ce jikar Kotonu.

Garan-Popo

Gaɓar tekun Benin gajera ce, ba ta wuce kilomita 125 ba. Wanda ke neman natsuwa yakan bar hayaniyar Kotonu da baburanta masu rigar ɗorawa, ya nufi yamma wajen kilomita 85, zuwa Garan-Popo, kusa da iyakar Togo. Garin na kwance bisa wani siririn zirin rairayi, teku ta kudu, kogin Mono da fadamunsa ta arewa. Otel-otel ɗin wurin yawancinsu ƙanana ne, bukkokin siminti masu rufin ciyawa a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne ƙara. Teku ba ya shiru dare da rana, kuma wanda ya saba da shirun daren Arewa, inda sai kukan jaki ko haushin kare, yakan kwana biyu kafin barci ya ɗauke shi sosai.

Da asuba masunta ke tura jirginsu cikin igiyar ruwa, su zagaya da taru mai tsawon gaske, su dawo da bakin igiya gaɓa. Daga nan maza da mata da yara su jeru suna ja da waƙa, sa'o'i da dama, tamkar gayyar noma. Wanda ya sa hannu yakan samu ɗan rabonsa na kifi. Wata rana taru ya fito cike, wata rana ya fito da ƴan ƙananan kifaye da ledoji, a raba abin da ya samu a watse. Manomin da ya san damina mai kyau da marar kyau ba ya bukatar a fassara masa fuskokin mutanen nan. In lokacin salla ya yi, baƙo ya sa teku a hannunsa na dama, ya ɗan karkata arewa, ya fuskanci alƙibla.

Abin da ke cikin ƙunshi

Ba a cinikin biri a sama. Farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana ɗaki guda; wanda ya tafi shi kaɗai sai ya yi ciko. Ciyarwa kuma hawa-hawa ce: akwai ɗaki da karin kumallo kawai, akwai mai haɗe da abincin dare, akwai mai abinci uku, sannan akwai komi-a-ciki. A ukun farko abin sha ba ya ciki, kuma kwalbar ruwan da aka saba saye a bakin tasha takan ninka kuɗinta a teburin otel. Na ƙarshen kuwa an gina lissafinsa ne bisa baƙon da ke shan giya, ma'ana wanda ba ya sha yana biya wa maƙwabcinsa. Ga magidancin Arewa, ɗaki da abinci biyu ya fi riba, ya bar cikinsa da rana don gasasshen kifin matan gari. Ya tambayi batun yanka da naman alade tun ranar sauka. Kifi dai ba ya bukatar tambaya.

Sauran abin dubawa su ne motar da za ta kai shi daga tasha zuwa otel, da kuɗin yara, da yawon ziyara, ko suna ciki ko a'a, da abin da za a maido masa in ya fasa ko aka fasa masa. Duk wannan a rubuce, da hatimi, da rasi na kowane abans da ya bayar. Lokaci ma abin lura ne. Kudancin Benin na da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Babban hutun ƴan lakwal yakan faɗo lokacin da teku ke fushi, ga noma na jira a gida. Disamba da Janairu sun fi dacewa, an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu. Sauro kuwa ba ya hutu a can, sai a tafi da gidan sauro.

Iya ruwa fid da kai

Takardar talla takan nuna ruwa shuɗi kwance kamar tabarma. Tekun Garan-Popo ba haka yake ba. Gaɓar na da gangare, igiyar ruwa na faɗowa da ƙarfi, in za ta koma sai ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum ta ja shi ciki. Mutanen garin da kansu ba su wasa da shi, kuma yana cin baƙi. Wanda ya koyi iyo a Tapkin Saw yana yaro kada ya ɗauka ya iya wannan ruwa. Ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kada ya juya wa teku baya, yaro kuma kada ya bar hannun babba. In ƙaddara ta sa ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye. Ya bi ta gefe, tsawon gaɓa, har ya fita daga bakin jan. Mai son wanka ya nemi otel mai kwamin wanka, iyalin da ke jin nauyin idon jama'a kuma su fito da sassafe, lokacin da bakin ruwa ba kowa sai masunta.

Bayan shingen otel

Ribar tafiyar tana bayan shinge. Kwale-kwale na ɗaukar baƙi cikin kogin Mono zuwa Bush-di-Ruwa, inda ruwan daɗi ke karo da na gishiri. A hanyar komawa Kotonu akwai Wida, inda turba mai tsawon kilomita 4 ke gangarawa daga gari zuwa bakin teku, turbar da bayi suka bi da sarƙa. A ƙarshenta aka gina Ƙofar Ba-Dawowa a 1995, tare da UNESCO. Bahaushe ba ɗan kallo ba ne a nan, domin cikin waɗanda aka loda a tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawan da aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil, inda suka shirya tawaye a 1807. A gefen turbar akwai ƙauyen Jegbaji, inda mata ke kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta cikin kwanduna, su dafa ruwan har ya daskare. Wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa gishirin Foga a ƙasar Gaya zai yi tsaye yana mamaki, domin aikin kusan ɗaya ne.

A tsohuwar unguwar Garan-Popo kuma akwai kangayen kantunan Turawa, ragowar garin da ya yi tashe da cinikin manja kafin teku ya cinye wani sashensa. Ruwan wannan gaɓa na tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Da aka datse kogin Bolta a Akosombo ta ƙasar Gana a 1965, aka kuma buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, rairayin da ke zuwa ya ragu, sai teku ya koma cin na gaɓa. A 2022 da 2023, da tallafin Bankin Duniya, an jera katangun duwatsu an zuba rairayi a bakin iyakar Togo da Benin domin tsai da ɓarnar. Mutumin da kwari ya taɓa yanke masa gona a Dallol Mawuri ya san zafin ganin ƙasar gado na tafiya taki-taki.

Da magariba, a bakin godoro, hayaƙin tukuba na tashi. Mutanen Benin na kiran tsire cacanga, kuma sau da yawa mai tukubar Bahaushe ne, ɗan ci-rani daga Nijar ko arewacin Najeriya. Shi da mai tallar takalman fata, da Buzun da ke yawo da zobban azurfa, da matar da ke fasa kwakwa, babu ko dalarsu cikin kuɗin da aka biya ajans. Saboda haka mai hankali ba ya zuba dukan guzurinsa cikin ƙunshi. Yakan ware wani abu na kashewa da hannunsa, wani kuma na ko-ta-kwana, wanda zai iya maido shi Gaya ko da ajans ta ɓace. In ya zauna bisa bencin mai tsire suka gaisa, aka tambaye shi labarin gida da yadda damina ta kasance, a nan zai ji farashin kifi na gaskiya, da wurin da ruwa ke cin mutane, da motar da ke tashi arewa da asuba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.