Pis ɗin PlayStation: ba kullum ne laifin nasa ba

Yau mun ɗan ajiye maganar ruwan pampo da kuɗin hatsi. Maganar pis za mu yi, amma ba na salula ba, wanda ake liƙa wa PlayStation 2 a ciki don ta karanta faifan kwafi.

Kar ku yi dariya. Mu da muka yi kwaleji a shekarun 2000 mun san abin da rumfar wasa ta ci mana: kuɗin kalaci, dala goma dala goma, a kan PES 6. Kamfanin Sony ya fito da na'urar a 2000, ya sayar da fiye da miliyan 150, ya daina ƙera ta a farkon 2013. A Turai ta zama kayan tarihi. A nan kuwa, daga Birni zuwa Zango har Garin Malam, akwai matashin da tele biyu da manet huɗu su ne jarinsa kaf. Ranar da na'ura ta ƙi tashi, ranar ba cefane.

Wani daga cikinsu ya same mu a fada, ransa ɓace. Sau biyu ana canza masa pis cikin wata guda, kowane karo ya biya, jan allon nan mai cewa a saka faifai bai daina fitowa ba. Da aka kai wa wani dattijon mai gyaran radiyo, ko taɓa pis ɗin bai yi ba. Ya ce a kawo faifai na asali. Aka zagaya unguwa da ƙyar aka samo ɗaya, aka saka, shi ma ya ƙi. Sai ya ce: "Yaro, ido ne ya mutu. Pis ɗinka na farko ma lafiyarsa lau."

To ga abin da ya kamata mai rumfa ya sani kafin ya miƙa jikkunansa. Sony ta yi na'urar ne ta yadda sai ta ga wata alama a jikin faifai, wadda kwamfuta ba ta iya kwafa, sannan ta yarda ta buɗe wasa. Aikin pis shi ne ya yi mata ƙarya, ya ce alamar tana nan. Shi ke nan. Ba ya ƙara wa ido ƙarfi, ba ya share ƙurar hunturu da ta kwanta a kan gilashinsa. Kuma faifan kwafi ya fi na asali wahalar karantawa, shi ya sa idon da ya tsufa yake fara ƙin na kwafi tun yana karɓar na asali. Daga nan sai kowa ya ce pis ne.

Masu gyaran da suka san aikin, da tambaya suke farawa. In an kunna, sunan Matrix yana fitowa a allo? Irinsa ne ya fi yawa, shi da kwaikwayonsa Modbo. In ya fito, pis yana samun wuta, a nemi matsala gaba. In kuwa allo ya yi baƙi ƙirin, ba hoto ba sauti, bayan jiya-jiya aka yi liƙi, to a koma kan liƙin. Wayoyi ne kusan 20, sirara kamar gashin wutsiyar doki, kowace da gurbinta. Ɗigon dalma ɗaya ya haɗe ƙafa biyu, magana ta ƙare. Wayar wuta da ta ƙasa kuma gajeru ake so. In mutum ya bar su da tsawo, na'ura ta yi aiki yau, gobe ta ƙi, ka rasa gane kanta.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne mai gyaran da ba ya juya na'ura ya karanta lambarta. SCPH-30004 da 50004 da 70004 ba ciki ɗaya gare su ba, kowace da taswirar liƙinta. Lambar ƙarshe ma magana take: 04 ta Turai ce, 01 ta Amurka. Babbar ta Amurka wutar 110 take sha, tamu kuwa 220 ce. Kayan da ke shigowa ta Kano a gauraye suke zuwa, wanda bai duba ba ya soka a bango, sai hayaƙi. Hoton da ke fitowa fari da baƙi a tsohuwar tele shi ma sau da yawa bambancin tsarin hoton Amurka da na Turai ne, ba lalacewa ba. Siririyar 70004 kuma an san ta da ƙona ido, musamman in ana ɗura mata faifai masu ƙarce.

Mu dai a ganinmu, a yau buɗe cikin na'ura mai shekara 20 don sabon pis kasada ce da ba ta zama dole ba. Akwai Free McBoot da ake zubawa a kart memuwar, da OPL mai buɗe wasa daga kile. Ba liƙi, ba faifai, ido ya huta. Tana da nata aibin: ƙofar USB ta PS2 tsohuwa ce, bidiyon cikin wasa yakan yi tsalle-tsalle, kuma ƴan 90004 na ƙarshe-ƙarshe ba sa karɓar Free McBoot. Ga mai irin wannan, pis na iya zama mafita.

Sai dai masu hannun wannan liƙi sun yi ƙaranci. Yawancinsu sun koma gyaran salula, can kuɗin yake, ba mu ga laifinsu ba. Ka zagaya wajen kasuwar Dole ka tambayi yaran shago taswirar Modbo, da yawa kallonka kawai za su yi. Dattijon da muka ambata ma yanzu sai da tabarau biyu yake ganin ƙafafun, kuma ya ce daga la'asar ba ya karɓar wannan aiki.