Ranar da yaro ya ci gyaran liman

Yawancin masu karanta wannan mujalla sun san ni ne ko a rumfar goro, ko a gaban sahu idan babban liman ya yi tafiya. To yau maganar hoto zan yi, kuma na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Ku yi haƙuri ku ji.

Akwai 'yan samari a nan Sabo da suke taruwa duk ranar Lahadi bayan la'asar a wani aji na makarantar Islamiyya. Ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai. Akwai ɗan canji, akwai tela, akwai ɗalibai biyu, sai wani dattijo Bayarabe, tsohon malamin makaranta daga Mokola, wanda ya taɓa aikin wankin hoto yana saurayi. Hoto baƙi da fari kaɗai suke yi. Kowa ya ɗauko nasa da waya, a buga a takarda, a manna a allo, a yi ta dubawa ana faɗin inda ya yi da inda bai yi ba.

Ni makullin ajin ne a hannuna, shi ya sa na fara zama da su. Kafin in ba da makullin sai da na sa sharaɗi. Malamai sun yi saɓani kan hoton kyamara, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Amma na ce kada a ɗauki kowa sai da izninsa, kada a ɗauki abin da zai tona asirin wani, kada kuma a bar hoto a bango bayan an tashi, tunda yara na karatu a wurin. Suka yarda. Ina zaune ina kallo, wata biyu, sai abin ya shiga raina.

Tambayar da na fara yi musu ita ce, me ya sa za a zubar da launi alhali waya tana ba da shi kyauta? Tsohon malamin ya ce in ɗauki tiren gorona in gani. Na ɗauka, aka cire launin. Jan goro ya koma toka mai duhu, farin goro ya yi haske, ganyen da ke ƙasa kuwa ya kusa sajewa da jan. A nan na gane cewa ja da kore, duk da bambancinsu a ido, suna iya zama toka iri ɗaya. In launi ya tafi, ba abin da ya rage sai haske da inuwa. Abin da launi yake rufewa, sai ya fito fili: tsagar goro, jijiyar hannu, tsufan katako.

Shi ne kuma ya ba mu labarin J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi aiki a ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Yaɗa Labarai a nan Badun tun 1954, daga baya ya shahara da hotunan kitson matan Nijeriya, kusan dubu, baƙi da fari. Ya rasu a 2014, amma kitson da aka daina yi yana nan a hotunansa. Sai na tuna unguwarmu. Tun 1916 aka kafa Sabo, fataken goro da na shanu suka raya ta, amma ina hotunan iyayenmu? In ka cire ɗan ƙaramin hoton fasfo na tafiya Hajji, yawancinmu ba mu da komai.

Wannan tunani ya sa na je wurin wani dattijo, abokin mahaifina, wanda ya fi kowa daɗewa a harkar goro a layinmu. Na roƙe shi, ya yi dariya ya ce in ɗauka. Da tsakar rana ne, yana zaune bakin rumfa cikin farar babbar riga. Na ɗauka, na kai aka buga, ranar Lahadi na manna a allo ina jin kaina.

Dokar wurin ita ce mai hoto ba ya magana sai kowa ya gama. Aka yi shiru, saboda ba wanda yake son ya fara da ni. Can sai wani yaro, ɗan maƙwabcina, wanda ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi, ya ce, "Baba Liman, a gafarce ni. Wannan ai riga ka ɗauka, ba mutum ba."

Ya matso ya nuna da yatsa. Wayar ta auna hasken farar rigar, sai ta bar fuskar dattijon cikin duhu, ba a ganin ido ba a ganin gemu. Ita ma rigar ba ta tsira ba, kafaɗar da rana ta buga ta yi fari fat, aikin aska ya ɓace, kuma ya ce wurin da ya ƙone haka ba manhajar da za ta dawo da shi. Sannan ga falwayar lantarki a baya, ta fito daidai saman hularsa kamar a kansa ta tsiro. Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya bai iya ba.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce to madalla, na cire hotona. Lahadi biyu ina aika makulli ba na zuwa. A zuciyata ina cewa, yaron da na koya wa alif da ba, shi ne zai kunyata ni a gaban mutane?

A mako na uku na ja sallar isha'i. A raka'a ta biyu na tsallake aya ban sani ba. Sai na ji murya daga sahun baya ta ɗora ni. Na koma na gyara, muka idar. Da na juyo, ashe yaron nan ne. Ko kaɗan ban ji haushi ba, har addu'a na sa masa. Da na kwanta sai abin ya tsaya mini. Mutum ɗaya, ladabi ɗaya, gaskiya ɗaya. A masallaci na karɓa, a aji na ƙi. Me ya bambanta? A sallah na san gyaran don karatun ne. A hoton kuwa na ɗauka ni ake gyarawa. Shekara talatin ina gyara wa mutane karatu da alwala, ban taɓa tambayar kaina yadda gyaran yake sauka a zuciyarsu ba.

Na koma wurin dattijon, wannan karon da yaron. Muka jira bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi take shigowa ta gefe. Muka ja kujerarsa cikin inuwar rumfa, muka kauce wa falwayar. Yaron ya nuna mini in taɓa fuskar a jikin wayar don ta auna haske a can, in ɗan rage kaɗan saboda rigar. Dattijon yana zaɓen goro, hannunsa cikin kwando. Na ɗauka.

A wurin gyara muka sake samun wata gardama, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Da manhajar Snapseed suke aiki. Aka ɗan haska fuskar, aka duhunta kusurwoyi don ido ya tafi kan hannun, aka miƙe hoton da ya ɗan karkace. Tsohon malamin ya ce duk wannan sun yi shi a ɗakin duhu tun da can: sukan tare haske da tafin hannu ko ɗan kwali a inda suke son ya yi haske, su bar shi ya daɗe a inda suke son ya yi duhu. Ba sabon abu ba ne.

Amma a gefen hoton akwai wata mata, Bayarabiya, tana miƙo ƙunshin ganye, rabin fuskarta ya shigo. Wasu suka ce tana raba hankali, a goge ta, minti ɗaya ne. Suka juyo wurina tunda hotona ne.

Na ce musu ni ɗan kasuwa ne, da ma'aunin kasuwa zan auna. In na yayyafa wa goro ruwa na jera shi ya yi kyau, ban cuci kowa ba, goron nan ne dai. Amma in na tura mai sankara ƙasan kwando na rufe da mai kyau, na yi algus. Haska fuska yayyafa ruwa ne. Cire mutumin da yake wurin, a nuna kamar ba ya nan, wannan ya zama shaidar zur. Matar nan tun ina yaro take kawo wa dattijon kaya. Ya halarci aurar da 'ya'yanta, ita ma ba ta taɓa rasa sunan gidansa ba. Duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a 2021 ya san cewa irin wannan zama ba abin gogewa ba ne. Na je na nemi izninta, ta yarda, muka bar ta.

Kafin azumi ya zagayo Allah ya yi wa dattijon rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. 'Ya'yansa da suka zo daga Arewa suka nemi hotonsa, ba a sami na kirki ba sai wannan. Na buga musu kowa ɗaya. Matar ta zo ta'aziyya, aka nuna mata, ta riƙe takardar ta daɗe ba ta ce komai ba. Na buga mata nata. Da na tsaya kan hotona na farko saboda girman kai, da riga kawai za su kai gida.

Yanzu mun ƙara doka ɗaya a zamanmu: kafin ka faɗi aibin hoto, ka fara faɗin abin da ya yi daidai, kuma in ka nuna kuskure ka nuna hanyar gyara. Ni ma na ɗauki wannan zuwa makaranta, kuma na ga yara sun fi sakin jiki da karatu.

Roƙona ga jama'ar unguwa, duk mai tsoho a gida ya nemi izninsa a ɗauke shi yana bakin sana'arsa, tun yana nan. Mai tsohon hoto a ƙasan akwati kuma ya kawo mu kwafa mu mayar masa. Muna nan ranar Lahadi bayan la'asar. Wanda zai zo ya zo da hotonsa, ya kuma zo da haƙurin jin gyara. Allah ya sa mu dace.