Zuwa Shrewley, inda ake horar da masu hawar da nakasassu doki

Daga tashar Marylebone ta Landan na shiga jirgin ƙasa zuwa Warwick, mota ta ƙarasa da ni ƙauyen Shrewley, inda ƙungiyar RDA, wadda aka kafa a 1969, take horar da malaman da ke hawar da masu nakasa doki. Ra'ayin da na dawo da shi guda ne: gwanintar hawa ba ta isa ta mai da mutum malami a wannan aiki ba. Malamin ma a ƙasa yake tsayawa. Wani na jan ragama, biyu na biye da yaron da ke kan dokin dama da hagu, malamin kuwa ya kafa ido a ƙugu da kafaɗun mahayi, ko ya karkace, ko wuya ya fara gajiya. Takun doki yana kaɗa ƙugu kusan yadda tafiyar ƙafa take yi, don haka yaron da gaɓoɓinsa suka sandare yakan sami motsin da jikinsa ya hana shi. Lis Hartel, 'yar Denmak da shan inna ya kama a 1944, ta ci lambar azurfa a hawan doki a gasar Olamfik ta 1952, nasarar da ta ƙarfafa wannan aiki a Turai.

Wani zai ce, mu masu hawan sallah, ga barga ga shamaki, wa zai koya mana doki? Ai dokin jahi an saba masa da sukuwa da tsayawa cak, alhali nan ana neman mai sanyin hali, wanda keken guragu ko ihun yaro ba ya razana shi. Mai kiwon doki kuma, komai ƙwarewarsa, ba lallai ya san cewa wasu yaran masu larurar Down ƙashin wuyansu ba shi da ƙarfi ba, ko cewa mai farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba sai likita ya amince kafin ya taka likkafa. Masu cewa hawan dokin ba ya warkarwa sun yi gaskiya. Daidaiton zama da ƙarfin baya yake ƙarawa, wannan kuwa ba kaɗan ba ne ga wanda ya wuni a tabarma. A Kano da Katsina dawaki na nan, waɗanda shan inna ya nakasa ma suna nan, horarren malami da likitan gashin ƙashi da za su yi aiki tare su ne ake buƙata.