Igiya, Turke da Tiyon Ruwa

Duk wanda ya bar kwalta a Dogondutsi ya nufi arewa, wajen Sukukutane, zai ga ƙasa iri biyu suna karɓa-karɓa a gabansa. Akwai tudun marmara mai jan dutse, wanda diga ke tsalle in ta sare shi. Akwai kuma jigawa mai rairayi, inda ƙafar jaki ke nutsewa. Tsakaninsu ƙoramu ne da ke bushe ƙayau wata takwas ko tara a shekara, sa'an nan rana guda cikin Agusta su cika su tumbatsa, su kwashi abin da suka tarar su gangara da shi kwari. Haka ƙasar Arewa take, tun daga Dallol Mauri har tuddan da ke gefensa. Manomi ya san wannan bambanci, makiyayi ma ya sani. Amma wanda ya fi kowa bukatar saninsa shi ne magini, domin aikinsa ba ya gusawa daga inda aka kafa shi, kuma in ginin makaranta ne, ƴaƴanmu ne za su zauna ƙarƙashinsa.

Maganar ginin aji ba ƙaramar magana ba ce a Nijar. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba ta wannan shekara irin haka ta auku a Maraɗi, aka rasa fiye da 20. Bayan wannan babu mai gardama cewa ajin bulo da siminti ya fi rumfar zana. Sai dai bulo da siminti ba su ne ke yin gini ba, awo ne ke yinsa. Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, aka kuma kafa kwamitocin kula da makaranta, waɗanda muka saba kira COGES, sau da yawa darakta da wakilan iyaye ne ake gayyata su shaida cewa aiki ya kammala. Akan zo, a yaba fenti, a buɗe ƙofa a rufe, a sa hannu. Abin da zai riƙe ginin ko ya kayar da shi kuwa ya riga ya ɓoye ƙarƙashin ƙasa da cikin shafe tun watanni da suka wuce. Tun ran gini, tun ran zane.

A shekarun da na koyar a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sukukutane an gina mana azuzuwa biyu a jere, kuma tun daga ranar kafa turke har ranar aza kwano ban rabu da wurin ba in an tashi makaranta. Ɗan kwangila yakan leƙo jefi-jefi, injiniya kuwa ba safai ba, saboda nisa. Mai aikin na ainihi wani dattijon magini ne da ya yi ƙuruciyarsa wajen ginin rijiyoyin siminti, irin waɗanda hukumar OFEDES ta baza cikin ƙasa bayan kafa ta a 1963. Rijiya mai faɗin mita 1,80 da ke nutsawa gaba da yawa cikin marmara ba ta yafe karkata, don haka mutumin ya taso bai yarda da idonsa ba sai igiya mai nauyi a baki ta gaskata shi.

Abu na farko da ya yi bai taɓa kayan aiki ba. Ya tara tsofaffin gari ya tambaye su inda ruwa ke bi in an yi mamako, da inda yake kwana, da shekarar da ya fi yin ɓarna da iyakar inda ya kai. Wannan ma awon ƙasa ne, ko da yake babu na'ura mai ƙafa uku irin ta masu awo da ake kira safiyo a ƙetaren iyaka. Bayan an ji ta bakinsu aka matsar da wurin ginin kimanin taki ashirin daga inda aka fara nunawa, domin wata ƴar ƙorama da rani ya shafe sawunta tana ratsawa ta nan.

Sa'an nan ya fito da tiyo. Roba ce siririya mai gani-har-hanji, tsawonta ya ɗan wuce mita goma, aka cika ta da ruwa, aka bubbuge ta har kumfar iska ta fita duka. Hikimar abin ɗaya ce tak: ruwan da ke bakin tiyo na wannan gefe da na wancan gefe kullum tsayinsu ɗaya ne, komai tudu ko kwarin da ke tsakaninsu. Sai a kafa sanda mai ƙarfi, a zana mata layi, wannan layi ya zama uban awo. Mutum guda ya riƙe baki ɗaya daidai layin, ɗayan ya zagaya turakun nan ɗaya bayan ɗaya yana zana inda ruwa ya tsaya. Filin da dukanmu muka rantse shimfiɗaɗɗe ne, sai ga kusurwarsa ta yamma ta fi ta gabas ƙasa da taƙi biyu. Dattijon ya dube ni ya ce, “Mushe, ido baƙo ne a fili, ruwa ne ɗan gari.” Da wannan tiyo ɗin ne manoman Yatenga a Burkina Faso suka koyi jera duwatsu bisa layin da ƙasa ta daidaita a shekarun 1980, don su tare ruwan sama a gonakinsu, dabarar kuma ta bazu cikin Sahel har ta iso mu. Abin da ke gyara fako shi ne ke daidaita daɓen aji, kuɗinsa kuwa bai kai na buhun siminti ba. Daga wannan layi ake auna zurfin harsashi, daga shi ake ɗaga daɓe sama da ƙasar waje yadda ruwan damina ba zai shiga aji ba.

A nan ne nake son ƴan'uwana malamai su tsaya su duba. Yawancin azuzuwanmu mita 9 ne a tsawo, 7 a faɗi. Don kusurwa ta fita daidai, magini yakan auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, ya yi ta gusa turke har tsakanin alamun biyu ya zama mita 5 cif. Wannan shi ne ka'idar Pitagor da ake wahalar da ƴan kwaleji da ita a kan allo, su haddace su manta. Dattijon bai taɓa jin sunan Pitagor ba, amma ya fi shekara talatin yana cin abinci da ita. In an gama kusurwa huɗu sai a ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke daura da ita, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. Dole tsawon biyun ya zo ɗaya, kuma ga aji mai 9 da 7 lissafi ya ce mita 11,40. Na kawo manyan ɗalibaina suka riƙe ma'auni da hannunsu. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a darasin lissafi ba ita ce ta fara cewa igiya ɗaya ta fi ɗaya da yatsa uku, aka kuwa cire turke aka gyara. A ganina hasara ce a yi gini cikin harabar makaranta a kuma hana yara kusantarsa wai kada su yi ɓarna.

Haƙar harsashi ba ta da wani sirri: ana haƙa har a wuce rairayin sama da jijiyoyi da gidan gara, a tarar da ƙasa mai tauri. A tudun marmara nan da nan ake isa, a jigawa sai an yi haƙuri. Lebura da ake biya bisa tsawon rami ba zai so zurfi ba, saboda haka sanda mai alama ta fi rantsuwa amfani.

Inda ake cin amana shi ne wajen kwaɓi. Kankaren da ke ɗauke da rodi, wato na ginshiƙai da ɗamarar da ke zagaye gini, ma'auninsa kilo 350 na siminti ne a kowace mita mai murabba'i uku, watau buhu bakwai masu kilo 50. In aka sauƙaƙa shi yadda kowa zai iya ƙirgawa, buhu ɗaya yana tafiya da baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, da ruwa kimanin lita 25, wato jarka guda. Ko simintin Malbaza ne ko na Sakkwato, ma'aunin bai canzawa. Wanda ya ƙara baro guda na yashi a kowane buhu ya saci siminti ba tare da ya ɗauki buhu ya fita da shi ba. Wanda kuma ya malala ruwa don kwaɓin ya yi daɗin zubawa ya raunana kankaren, ko da siminti ya cika. Yashin ma sai an duba: a zuba shi cikin kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye, in laka mai kauri ta kwanta a samansa, bai dace ba. Rairayin jigawa mai laushi ne ƙwarai, yashin ƙorama ya fi shi. Rodi kuwa kada ya taɓa katako, sai an bar masa kimanin santimita uku na kankare ya lulluɓe shi, in ba haka ba tsatsa ta same shi ta fasa ginshiƙi daga ciki. Bulo mai kyau, in ka sake shi daga ƙugu ya faɗi ƙasa, ba ya wargajewa. Wanda aka matse buhu guda aka fitar da hamsin ko sittin, farce ma yana kankare shi.

Sai babbar matsalar da takardar kwangila ba ta cika faɗa ba, wato ruwa. Jama'a na zaton siminti bushewa yake yi. A gaskiya shan ruwa yake yi ya ƙanƙame, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Mako na farko dole a yi ta ba shi ruwa safe da yamma, a rufe shi da tsofaffin buhuna ko zana saboda rana da iska. To, a garin da mata ke yin sammako su ja guga daga rijiya mai zurfi, wa zai ce a zuba wa bulo ruwa alhali randa ba ta cika ba? Na ga wannan gardama da idona a watan Afrilu, lokacin da dabbobi ke cincirindo a bakin rijiya, kuma ban ga laifin matan ba. Laifin na wanda ya tsara lokacin aiki ne daga ofis. Da za a ji shawarata, a fara irin wannan gini bayan girbi, cikin sanyi, sa'ad da rana ba ta ƙuna kuma matasa ba su gama tafiya cin rani ba, sa'an nan a rubuta kuɗin ruwa da na amalanke ɓaro-ɓaro cikin kwangila. A namu aikin, iyaye ne suka raba kwanaki tsakaninsu, kowane gida da ranar kawo jarkarsa.

Rufi kuma iska ce abokiyar gabarsa. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da guguwa, shi ya sa ake juya wa gabas da yamma gajeren bango, tagogi su dubi kudu da arewa. Hakan yana kuma hana rana shiga idon yara. Ƙarafan rufi dole a ɗaure su cikin ɗamarar kankare. Kwanon da aka ɗora aka danne da bulo, gonar maƙwabci ce makomarsa.

Duk waɗannan ƙa'idoji suna rubuce cikin kundin kwangila, amma da Faransanci, irin wanda ko malami sai ya yi ta maimaitawa. Ƙungiyoyinmu na raya al'adu da suka yi fama wajen rubuta littattafan yaƙi da jahilci za su iya fitar da ɗan littafi mai shafi goma da Hausa da hotuna, a miƙa wa kowane kwamiti ranar da aka kafa turke. A ciki har a bayyana cewa karɓar aiki iri biyu ce: ta wucin gadi ranar da aka gama, da ta ƙarshe, wadda galibi sai bayan shekara guda, kuma kafin nan akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila don gyaran abin da ya ɓaci. Iyaye da yawa ba su san da wannan kaso ba. Shekarar nan kuwa tana ɗauke da damina guda, daminar kuma ta faɗo cikin babban hutu, lokacin da darakta ya tafi gida aka kulle makaranta. Ya kamata a sami mutum biyu daga kwamiti da za a bar wa mabuɗi, su shiga washegarin babban ruwan Agusta da littafi da alƙalami, su dubi inda ruwa ya kwanta a gindin bango, inda kwano ya yi yoyo, da tsagar da ta fito a kusurwar taga, su rubuta kwanan wata.